Tafiyar ƙafa a kwarin Wachau: amsa ga ɗalibin da ba ya shan giya

Wani ɗalibi da ke karatu a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya ya rubuto cewa yana da hutun kwana huɗu, abokan karatunsa kuma sun ba shi shawarar ya bi hanyar ƙafa da ta ratsa ƙauyukan manoman inabi na kwarin Wachau, a bakin kogin Danube. Shi ba ya shan giya, saboda haka yana so ya sani ko akwai abin da zai ƙaru da shi a can, da ɓangaren hanyar da ya kamata ya zaɓa, da lokacin da ya fi dacewa.

Malam, shawarata ita ce ka je. Gaskiya ne cewa giyar inabi ce ta sa sunan kwarin ya fita duniya, kuma ita ce ake tallatawa a kowace takardar jawo baƙi, amma mai tafiya a ƙasa ba kwalba yake bi ba. Abin da idonsa zai wuni yana gani shi ne aikin da ya gabaci kwalbar da ɗaruruwan shekaru, wato yadda mutane suka mayar da gangaren dutsen da ko akuya za ta yi tunani kafin ta hau ya zama gona, da yadda suka zauna da babban kogi suna cin arzikinsa suna kuma tsoron ambaliyarsa. Wannan ba ya bukatar ka kurɓi komai. Abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka sa wa ranka cewa sai ka cinye hanyar duka.

Wachau yanki ne na kogin Danube mai tsawon kimanin kilomita 36, tsakanin garin Melk a yamma da garin Krems a gabas, a jihar Niederösterreich ta ƙasar Ostiriya. Tsakaninsa da Vienna kusan kilomita 80 ne, jirgin ƙasa kuma yana kai mutum Krems daga tashar Franz-Josefs-Bahnhof cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Hukumar UNESCO ta sa kwarin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, a rukunin wuraren da hannun ɗan Adam da halittar ƙasa suka haɗu suka siffanta. Hanyar da abokanka suke nufi ita ce Welterbesteig, wadda aka buɗe a 2010. Tsawonta kilomita 180 ne, an raba ta zango 14, tana tashi daga Krems ta bi gaɓar arewa har Melk, sannan ta dawo ta gaɓar kudu. Dalilin da ya sa kwarin kilomita 36 ya haifi hanyar kilomita 180 shi ne ba ta bin bakin ruwa kamar hanyar masu keke. Tana hawa kan tsaunuka, ta shiga ƙananan kwaruruka na gefe, ta haura har dutsen Jauerling mai tsayin mita 960, sannan ta gangaro. Wanda duk ya lissafa tafiyarsa da tsawon kogi a taswira zai sha mamaki da gwiwoyinsa.

Abin da ya fi cancanta ka tsaya ka duba da kyau shi ne katangun dutse. Gangaren gaɓar arewa yana da tsananin tsayuwa, ƙasar da ke bisa dutsen kuma 'yar kaɗan ce, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi zai iya kwashe ta ya zuba a kogi. Maganin da manoma suka samo shi ne su yanka gangaren hawa-hawa, kowane hawa a tokare shi da katangar duwatsu da aka jera ba siminti ba laka. Rashin simintin da gangan ne. Katangar da aka liƙe tana tare ruwa a bayanta, nauyin ruwan ya yi ta tura ta har wata rana ta kife gaba ɗaya. Wadda aka jera a bushe kuwa ruwa yana tsiyayewa ta ramukanta, idan ƙasa ta motsa ita ma ta ɗan motsa ba tare da ta tsage ba, idan kuma wani gefe ya zube sai a sake jera shi da duwatsun da suka faɗo. Za ka lura cewa kowace katanga ta ɗan kwanta baya zuwa jikin tudu, manyan duwatsu suna ƙasa, an cusa ƙanana a baya don ruwa ya samu hanya, kuma maginin ƙwarai ba ya barin gaɓar dutse biyu ta dace da gaɓar na samansu. Da rana duwatsun suna shan zafi, da dare su saki shi ga kurangar inabi, shi ya sa ake samun nunar 'ya'ya a wurin da sanyi zai iya hanawa. Idan aka haɗa tsawon waɗannan katangu a kwarin, ɗaruruwan kilomitoci ne, kuma a yawancin hawayen tarakta ba ta shiga, da hannu ake sassabe da yanka da girbi.

Wanda ya san tsaunukan Mandara ba zai ga wannan baƙon abu ba. Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, ta shiga jerin UNESCO a 1999, shekara ɗaya kafin Wachau, a rukuni ɗaya da ita, kuma da hujja mai kama da tata: gonaki hawa-hawa da katangun dutse busassu da hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse. A can dawa da gero ake tsarewa daga zaizayar ƙasa, a nan inabi, amma dabarar riƙe ƙasa a gangare ɗaya ce, haka ma barazanar da ke kanta, domin katangar da aka daina gyarawa ba ta ɗaukar shekaru masu yawa kafin daji ya haɗiye ta. A Wachau za ka ga hawayen da suka fi nisa da wahala an bar su, itatuwa sun tsiro a cikinsu, kana iya gane tsohuwar gona ne kawai daga layin duwatsun da ke ƙarƙashin ganye.

Gidajen ruhubanawan Kirista, wato masu keɓe kansu don ibada, na yankin Bavaria ta Jamus da Salzburg ta Ostiriya su ne suka mallaki gonaki da yawa a nan tun ƙarni na tara, kuma manyan gidajen da za ka gani a ƙauyuka masu faffadan tsakar gida da ƙofar da keken doki ke shiga, da yawansu wuraren tara girbin waɗannan ruhubanawa ne. Yanayin wurin ma ya taimaka musu: iska mai ɗumi tana shigowa daga gabas, ta filayen da suka miƙe zuwa Hungari, iska mai sanyi kuma tana gangarowa da dare daga dazuzzukan Waldviertel a arewa. Ga matafiyi ma'anar wannan ita ce rana tana iya ƙona shi da azahar, magariba kuma ta same shi yana neman rigar sanyi. A jikin katangun, idan ka yi tafiya a hankali a ranar da rana ta fito, za ka ga wani koren ƙadangare mai sheƙi yana shan hantsi. Namijinsa maƙogwaronsa yakan yi shuɗi a farkon bazara.

Ga yadda zan raba kwanakinka huɗu. Ranar farko ka bi zangon Krems zuwa Dürnstein, kimanin kilomita 12. Krems tsohon gari ne da sunansa ya bayyana a rubuce tun 995, maƙwabciyarsa Stein kuma ta yi arziki da cinikin gishiri da kuɗin fito da ake karɓa daga jiragen ruwa, abin da har yau ake gani a gidajen 'yan kasuwa na babban titinta. Daga Stein hanya take hawa cikin gonaki, ta bi ta saman ƙauyen Loiben, inda sojojin Faransa na Napoleon suka gwabza da na Rasha da Ostiriya ranar 11 ga Nuwamba 1805. Akwai dogon ginin tunawa da yaƙin a kan wani tudu. Daga sama za ka fahimci abin da ya faru ba sai an yi maka dogon bayani ba, domin filin da ke tsakanin dutse da ruwa ƙunci gare shi, rundunar da ta shiga ciki kuma aka zagayo ta ta baya ba ta da wurin juyawa.

Dürnstein shi ne wurin da kowa ke ɗaukar hoto, saboda hasumiyar majami'arsa mai launin shuɗi da fari da ke tsaye a bakin ruwa, da kangon fadar da ke bisa dutse a saman gari. Kangon yana da labarin da zai taɓa abin da ka karanta a tarihin Musulunci. Sarkin Ingila Richard na Ɗaya, wanda ya yaƙi Salahuddin Ayyubi a yaƙin Salibiyya na uku, ya saɓa da mai mulkin Ostiriya Leopold na Biyar a lokacin da aka ci birnin Akka a 1191, inda aka ruwaito cewa an tuge tutar Leopold daga kan ganuwa. Da Richard ya yi sulhu da Salahuddin ya kamo hanyar gida, jirginsa ya samu matsala a teku, dole ta sa ya ratsa ƙasar mutumin da ya wulaƙanta a ɓoye. An gane shi kusa da Vienna a watan Disamba 1192, aka kawo shi wannan fada aka tsare, daga baya aka miƙa shi ga sarkin daular Jamus Henry na Shida, bai samu kansa ba sai a Fabrairu 1194 bayan Ingila ta tara azurfa mai ɗimbin yawa ta fansa. Da rabon da Leopold ya samu aka ƙarfafa ganuwar Vienna aka kuma kafa garin Wiener Neustadt. Fadar kanta sojojin Siwidin ne suka rusa ta a 1645. Hawa daga gari zuwa kangon bai wuce minti ashirin zuwa talatin ba, daga can kuma kogin yana bayyana a inda ya yi babban lanƙwasa, da gonakin afrikot (ɗan itace mai zaƙi, ruwan ɗorawa, mai ƙwallo a ciki) na ƙauyen Rossatz a ƙetare, da gidan ruhubanawa na Göttweig, wanda aka kafa a 1083, a kan tudunsa can nesa. Ka hau da sassafe ko bayan la'asar. Da tsakar rana manyan jiragen yawon buɗe ido suna sauke ɗaruruwan mutane lokaci guda a garin da babban titinsa ɗaya ne, sai wurin ya koma kasuwar tsaraba.

Zango na biyu, daga Dürnstein zuwa Weissenkirchen, kimanin kilomita 16 ne, kuma ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba. Yana hawa cikin dajin da ke bayan kangon, tsakanin manyan duwatsu, kogin ya ɓace maka na tsawon lokaci sannan ya sake fitowa daga wata mahanga. Wasu suna ƙorafi da wannan ɓangare saboda rabinsa daji ne, ni kuwa ina ganin amfaninsa, domin shi ne yake nuna maka cewa gonakin inabi siririn ɗamara ne kawai a ƙugun tsauni, abin da ke sama duk itace ne. Majami'ar Weissenkirchen tana da katanga da hasumiyoyin tsaro kamar sansanin soja; an ƙarfafa ta ne bayan Turkawan Usmaniyya sun yi wa Vienna ƙawanya a 1529, lokacin da ƙauyawa ke bukatar wurin gudu idan mahara suka ɓullo.

Zango na uku, Weissenkirchen zuwa Spitz, kimanin kilomita 10, shi ne wanda zan zaɓa da za a ce rana ɗaya tak gare ka. Kusan duk tsawonsa a cikin gonakin hawa-hawa yake, kogi yana ƙasa a hannun hagu, ƙauyukan Joching da Wösendorf da tsohuwar majami'ar St. Michael suna bi ɗaya bayan ɗaya a bakin ruwa. Ana sauka Spitz ta wata tsohuwar ƙofar ganuwa da ake kira Rotes Tor, wadda daga bakinta ake ganin garin ya kewaye wani tudu da aka noma tun daga gindi har ƙoli. Idan da sauran ƙarfi a jikinka, ka ƙara da hawa kangon fadar Hinterhaus a ɗaya gefen garin.

A Spitz ne ya kamata ka ƙetare kogi, kuma ƙetarewar kanta darasi ce. Daga Melk har Mautern, kusa da Krems, babu gada ko ɗaya. Jirgin fiton Spitz zuwa Arnsdorf, haka ma na Weissenkirchen zuwa St. Lorenz, ba inji ne yake tura su ba. An ɗaure igiyar ƙarfe a sama daga gaɓa zuwa gaɓa, jirgin yana rataye da ita ta wata igiya mai gudu a kan ƙafar ƙarfe, matuƙi ya karkata jikin jirgin ga ruwa, sai ƙarfin gudun kogin ya tura shi gefe har ya kai ƙetare, da mutane da kekuna da motoci a kansa. Wannan dabara tana aiki ne kawai inda ruwa yake gudu, kuma saura kaɗan a rasa gudun. A farkon shekarun 1970 an tsara gina madatsar ruwa ta samar da lantarki a tsakiyar kwarin, kusa da Rührsdorf, kamar yadda aka yi a yawancin tsawon Danube a Ostiriya. Mutanen yankin, manoma da shugabannin ƙauyuka da masana, suka kafa ƙungiya a 1972 suka yi tsayin daka, har aka janye shirin a 1983. Yau wurare biyu ne kacal suka rage a ƙasar inda kogin yake gudu ba tare da madatsa ba: Wachau, da yankin da ke gabas da Vienna. Da an gina madatsar, da tsibiran tsakuwa da gaɓar da kake gani daga sama sun nutse a ƙarƙashin tafki, kuma da wuya a ce UNESCO ta waiwayi wurin. Ƙyale kogi yana da farashinsa: ambaliyar Agusta 2002 da ta Yuni 2013 sun shiga gidaje, a bangon wasu gine-gine za ka ga layukan da aka zana na inda ruwa ya kai a shekaru daban-daban, a bakin ruwan Spitz da Weissenkirchen kuma akwai ginshiƙan da ake kafa allunan ƙarfe a kansu idan kogi ya fara cika.

Ranar huɗu ta gaɓar kudu ce, wadda baƙi da yawa suke tsallakewa, alhali daga can ne ake ganin gonakin gaɓar arewa gaba ɗaya, abin da ba ya yiwuwa kana tsaye a cikinsu. Zangon Hofarnsdorf, ɗaya daga cikin ƙauyukan Arnsdorf, zuwa Rossatz yana hawa dutsen Seekopf mai tsayin mita 671, inda aka gina hasumiyar hange, ya gangaro cikin gonakin afrikot, daga Rossatz kuma ƙaramin jirgin fito na masu ƙafa da keke yana mayar da mutum Dürnstein. Doguwar rana ce mai hawa sosai. Idan ƙafafunka sun gaji, ka shiga bas zuwa ƙauyen Aggstein ka hau kangon fadarsa, wadda take kimanin mita 300 a saman kogi, inda masu fadar suka riƙa tatsar jiragen 'yan kasuwa a ƙarni na goma sha biyar, sannan ka ƙarasa Melk. Gidan ruhubanawa na Melk an kafa shi a 1089, ginin da ke tsaye yanzu na tsakanin 1702 da 1736 ne, kuma ɗakin karatunsa mai littattafai kusan 100,000, da rubuce-rubucen hannu na ƙarnoni da dama, ya isa dalilin shiga ga duk mai son littafi. Ƙauyen Willendorf, inda aka tono ɗan mutum-mutumin mace mai tsawon santimita 11 a 1908, wanda shekarunsa suka kusa 30,000, ba sai ka karkata dominsa ba, tunda ainihin abin yana gidan tarihin halittu na Vienna, kusa da kai.

Batun ci da sha yana bukatar ka buɗe ido. Wuraren cin abinci na manoma, waɗanda ake kira Heuriger, ana gane cewa a buɗe suke idan an rataya damin ganye a ƙofa, al'adar da ta samu izinin hukuma tun dokar sarki Joseph na Biyu ta 1784. Abincinsu yawanci mai sanyi ne, kuma mafi yawan naman da ke kan faranti na alade ne, har da man da ake shafa wa burodi, don haka ka tambaya kafin ka ci. Cuku da ƙwai da kayan lambu da kifin kogi a gidajen abinci na sosai sun fi zama lafiya. A abin sha, Traubensaft ruwan inabi ne da ba ya sa maye, Marillennektar kuma na afrikot ne, shi ma haka. Amma Sturm, wanda ake sayarwa a lokacin girbi yana kama da ruwan inabi mai gurɓi da zaƙi, ya riga ya fara zama giya, ka guje shi. Most kuwa a wani wuri sabon matsin inabi ne, a wani wuri giyar 'ya'yan itace ce, saboda haka kada ka karɓa sai ka ji bayani. Kayan zaƙi na afrikot da cakulan da ake sayarwa a shagunan tsaraba wasunsu da barasa a ciki, ka karanta jikin kwalba. Hukuncin zama a teburin da ake shan giya magana ce ta malamai, ba tawa ba. Abin da zan iya gaya maka shi ne ba dole ne ka zauna ba, domin kowane babban ƙauye yana da gidan burodi, kuma cin guzuri a kan benci a saman gona ya fi kowane tebur kyan kallo. Ka tuna dai cewa ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke a Ostiriya, ka yi sayayyarka ranar Asabar. Ka ɗauki 'yar sallaya mai sauƙin naɗewa, wurin da babu kowa ba ya wuyar samu a kan hanya.

Game da lokaci, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu itatuwan afrikot suna fure, kwarin ya yi fari, amma kurangar inabi a lokacin ba ta da ganye kuma ranar furen tana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Mayu da farkon Yuni suna da daɗin tafiya da doguwar rana. Yuli wata ne na girbin afrikot, sai dai zafi yakan haura digiri 30, duwatsu suna mayar da shi, inuwa kuma babu a cikin gonaki. Kada ka ce ai ka saba da rana, hawan dutse da jaka a baya wani abu ne daban. Ni Oktoba na fi so, lokacin da ganye ya koma ruwan ɗorawa, ana girbi a hawayen da suka fi tsayi, katangu kuma suna fitowa sarai. Ka lura cewa a ƙarshen watan ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, duhu ya riƙa shigowa kafin ƙarfe biyar.

Ka sa takalmi mai riƙe ƙasa, domin gangaren da ke bayan Dürnstein da na Seekopf suna da santsi bayan ruwa, ka ɗauki ruwan sha da ya ishe ka tunda famfo ba ya yawa a sama. Dazuzzukan Ostiriya suna da kaska mai ɗauke da cutar kumburin ƙwaƙwalwa da ake kira FSME. Akwai rigakafinta, ka tambayi likita tun kafin tafiya, ka sa dogon wando, ka kuma duba jikinka kowane dare. Lambar gaggawa 112 ce, ta masu ceto a tsauni kuma 140. Gonakin da hanya ta ratsa mallakin mutane ne, an ba ka wucewa ne kawai, saboda haka kada ka tsinki inabi ko afrikot ko da reshe ya leƙo kan hanya, kada kuma ka hau ko ka zauna a gefen katanga, domin dutse ɗaya da ya goce aikin yini ne ga mai gona. Ba lallai ne ka sauya masauki kowane dare ba, tunda bas yana bin gaɓoɓin biyu, kana iya kama ɗaki a Krems ko Spitz ka riƙa komawa da yamma da 'yar ƙaramar jaka. Jiragen fito suna rage lokutan aikinsu idan kaka ta yi nisa, na Rossatz zuwa Dürnstein ba ya aiki da hunturu, kuma dukkansu suna tsayawa idan kogi ya cika, don haka ka duba jadawalin ranar da safe kafin ka hau Seekopf.